Hoto yana fitowa da wata kala daban a takarda mai sheƙi, daga ina za a fara gyara?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da firinta mai tankin tawada, ina buga hotuna a takarda mai sheƙi, amma duk hoton da na buga sai ya fito da duhu, fuskokin mutane su yi jajawur, wani lokaci kuma fararen kaya su fito kamar an ɗan shafa musu kore. A kwamfuta hoton lafiya lau yake. Na canza takarda, na ƙara haske a Photoshop, har yanzu abin bai daidaita ba, takarda da tawada sai ƙarewa suke. Firintar ce ba ta da kyau ko ni ne ban iya ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, abubuwa uku ne suke damunka, duhu, jan fuska, da kuma koren da yake shiga cikin fari, kuma kana ganin duk matsala ɗaya ce. To ba lallai ba ne su zama ɗaya, kowanne yana iya samun nasa tushen, shi ya sa ƙara haske a Photoshop bai yi maka komai ba. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka daina taɓa hoton. Hoton ba shi ne mara lafiya ba. Tsakanin allon kwamfutarka da takardar da take fitowa akwai matakai kusan biyar, a ɗaya daga cikinsu ake ɓata kalar, kuma in ka ci gaba da gyara hoton don ya dace da wannan ɓarnar, ranar da ka gano asalin matsalar zaka tarar duk hotunan da ka gyara sun lalace, sai ka sake su daga farko.

Bari in ɗan shimfiɗa maka yadda abin yake kafin mu shiga gyara. Allon kwamfuta ko na waya haske yake fitarwa, ja da kore da shuɗi yake haɗawa ya ba ka duk kalar da kake gani. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta, na ɗaki take ara, tawadar da ke kanta ta shanye wani sashe ta maido maka da sauran. Tawadar ma ba ja da kore da shuɗi ba ce, sayan ce (shuɗi mai haske da ya ɗan karkata kore) da majenta (ja mai karkata shunayya) da rawaya da baƙi, wasu firintocin su ƙara sayan mai haske da majenta mai haske su zama shida, manya ma har goma ko sha biyu. Kaga kenan duk lokacin da ka danna a buga, dole a yi tafinta daga yaren haske zuwa yaren tawada, kuma wannan tafintar ta dogara da firintar da tawadar da takardar, su ukun a tare. Ka canza ɗaya a cikinsu, lissafin ya canza.

Fara da kan firintar

Kafin ka buɗe kowane saiti, sa farar takarda ta rubutu ka buga gwajin nan na ramukan tawada, wanda ake rubutawa Nozzle Check a sashen kula da firinta. Minti ɗaya ne. Zai fito maka da ƴan layuka kamar matakala, kowace kala da nata, ka kai shi wajen haske ka duba da kyau, musamman rawaya don ita ba ta cika ganuwa a farar takarda ba. In akwai giɓi ko da kaɗan ne, to ka tsaya nan, babu saitin da zai gyara kalar da ba ta fitowa.

Akwai wata ƙa'ida da in ka riƙe ta zata rage maka wahala sosai. Kowace tawada tana da kishiyarta. Sayan kishiyar ja ce, majenta kishiyar kore ce, rawaya kishiyar shuɗi ce. In majenta ta toshe, hoto zai karkata zuwa kore. In sayan ta toshe, fuska zata yi ja. In rawaya ce, komai sai ya yi shuɗi-shuɗi ko shunayya. Wato kalar da kake ganin ta yi yawa, sau tari ba ita ce ta yi yawa ba, kishiyarta ce ta yi ƙaranci.

Na taɓa kwana a kan irin wannan. Hoton wata yarinya ne sanye da riga ruwan toka mai haske, a allo rigar tas, a takarda sai ta fito da wani kore-kore kamar tsohon gilashi, ga kuma kumatunta sun yi wani fari mara jini. Na buga ya kai sau bakwai ina ƙara majenta da hannu, duk wanda na gyara rigar sai inuwar wuyanta ta yi ja. Da na haƙura na buga gwajin, sai ga layin majenta mai haske da giɓi a tsakiya, faɗinsa bai kai farce ba. Wankin kan firinta (Head Cleaning, wato wanke sashen da ke fesa tawada) sau biyu, na maida hoton yadda yake tun asali, ya fito daidai. Dalilin da ya sa inuwa ba ta nuna matsalar ba shi ne ita da majenta mai kauri ake yin ta, wurare masu haske ne kawai suke dogara da mai hasken. Koren da kake gani a fararen kaya ya sa na fara zargin wannan a taka, in mai kala shida ce.

In zaka yi wankin kai, kada ka jera shi sau biyar a jere, yana cinye tawada yana cika soson da ke shanye ta a ƙasa, kuma wani lokaci iska ce ta shiga bututu ba toshewa ba. Ka yi sau biyu, in bai buɗe ba ka bar ta ta huta wasu awanni sannan ka sake gwadawa. Ka kuma leƙa tankunan, kada wani ya sauka ƙasa da layin da aka zana. Sai maganar tawadar kanta: in ba ta kamfanin firintar kake zubawa ba, ko ka haɗa iri biyu a tanki ɗaya, to ka sani duk lissafin da ke cikin direban firintar, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa ta da ita, an yi shi ne da tasu tawadar. Ban ce ta waje ba ta aiki ba, ana aiki da ita, amma majentar wani kamfani ba ita ce majentar wani ba, kuma zaka buƙaci furofayil naka na kanka, zan zo kansa.

Wa ke sarrafa kalar, manhaja ko firinta?

Nan ne na fi samun mutane. Tafintar nan da na ambata ana yin ta da wani ɗan fayil da ake kira furofayil na ICC, sunan ƙungiyar da ta tsara shi ne, an kafa ta a 1993. Fayil ɗin yana bayanin yadda wannan firintar da wannan tawadar suke fitar da kala a kan wannan takardar. Matsalar ita ce Photoshop ya iya yin tafintar, direban firinta ma ya iya, kuma in ba ka hana ɗaya ba sai su yi su biyun, a juya kalar sau biyu. A abin da na saba gani, hoton da aka yi wa haka yakan fito ja-ja ko ruwan hoda, fuska kamar an mare ta. In kuma akasin haka ne, ka kashe na direba kuma manhajar ba ta yi ba, sai ya fito da duhu, kala a mace, yana ɗan karkata kore. Ka ga duka alamun biyu suna cikin abin da ka faɗa, don haka ina zargin kana canza saitin nan daga bugu zuwa bugu ba tare da ka lura ba.

Hanya biyu ce, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta. Ta farko mai sauƙi: a Photoshop ka zaɓi Printer Manages Colors, ka shiga direba ka zaɓi ainihin irin takardar, ka kashe duk wani gyaran kai-tsaye da yake ƙara wa hoto armashi, irin su PhotoEnhance a Epson ko Vivid Photo a Canon, don su waɗannan duba hoton suke su yanke hukunci da kansu, yau su ƙara ja gobe su ƙara shuɗi. In takardar kamfanin firintar ce da tawadarsu, kuma hoton sRGB ne, wato tsarin kala na gama-gari, wannan hanyar tana bada sakamako mai kyau ƙwarai, kada wani ya raina maka ita.

Ta biyu: ka zaɓi Photoshop Manages Colors, ka ɗauko furofayil ɗin takardar a jerin, sannan, kuma nan ne ake mantawa, ka shiga direba ka kashe nasa. A Epson zaka ga inda aka rubuta No Color Adjustment, a Canon kuma ka shiga gyaran kala na hannu, a wajen Matching ka sa None. Kada ka zaɓi sRGB ko furofayil ɗin allonka a matsayin na firinta, na sha ganin wannan, ba aikinsu ba ne. A ƙasa akwai zaɓin yadda za a yi da kalolin da tawada ba ta iya kaiwa. Relative Colorimetric yana barin waɗanda ake iya bugawa a inda suke ya datse sauran, ka haɗa shi da Black Point Compensation don kada inuwa ta cushe. Perceptual kuma yana matse duka kalolin ne a hankali don su shige. Ni da na farkon nake farawa a hoton mutane, in hoton furanni ne ko kaya masu kala mai ƙarfi sai in gwada na biyun in kwatanta.

Jan fuska yana da wani tushen kuma, shi ne fayil ɗin hoton kansa. Akwai sRGB wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, shi ne na gama-gari, akwai Adobe RGB na 1998 wanda ya fi shi faɗi, wayoyin iPhone kuma tun daga iPhone 7 da Display P3 suke ɗauka. Lamba ɗaya a waɗannan ukun ba kala ɗaya take nufi ba. In hoton sRGB ne aka karanta shi a matsayin Adobe RGB, kaloli zasu kumbura, fuska ta yi jajawur. In aka yi akasin haka sai ya koɗe. Wannan yana faruwa ne idan hoton ya rasa alamar da ke jikinsa, misali an yi ta tura shi daga waya zuwa waya ko an sauke shi daga wani shafi. Ka duba a ƙasan tagar Photoshop ko an rubuta Untagged, in haka ne ka liƙa masa sRGB da Assign Profile ka ga ko fuskar ta dawo daidai. Assign da Convert ba ɗaya ba ne fa, na farko suna kawai yake sa wa lambobin, na biyu canza su yake.

Ita takardar

Ka ce ka canza takarda, amma ba ka ce ka canza saitinta a direba ba. Wannan zaɓin na irin takarda shi ne yake gaya wa firinta yawan tawadar da zata zuba da yadda zata jera ɗigon. Ka bar shi a takardar rubutu ka sa mai sheƙi, hoto zai fito a koɗe da layi-layi. Ka sa saitin da ya fi ƙarfin takardar, tawada zata taru a sama, inuwa ta cushe ta zama baƙi ƙirin, wani lokaci har ka ga ƴan ƙuraje a wuraren duhu. Kuma "mai sheƙi" ba abu ɗaya ba ne. Akwai mai rufin da yake kumbura ya haɗiye tawada, tana jinkirin bushewa kuma tawadar rini, wato wadda kalarta ta narke a ruwa, kawai take so. Akwai mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, tana shanyewa nan take, tana karɓar ta rini da ta gari (wadda ƙwayoyin garin kala ne a cikinta) duka. In takardar ba ta kamfanin firintarka ba ce, duba cikin kwalin ko shafin masu yin ta, masu kirki irin su Ilford da Canson da Hahnemühle suna bada furofayil kyauta na firintoci da yawa kuma suna faɗin saitin da za a zaɓa. Mara suna kuwa wadda ba ta zo da komai ba, sai dai gwaji, ka ɗauki saiti uku na masu sheƙi ka buga hoto ɗaya ƙarami da kowanne, ka rubuta a bayansa.

Tunda na ambaci rini da gari: galibin ƙananan firintoci masu tanki rini ne a kalolinsu, shi kuma yana shiga cikin rufin takarda, shi ya sa yake kyau a mai sheƙi. Tawadar gari a sama take zama, ta fi daɗewa ba ta koɗe ba, amma in ka karkata hoton a haske zaka iya ganin wani ƙyalli kamar tagulla a wuraren duhu, ko ka ga inda tawada take da inda babu sheƙinsu ya bambanta. Wannan ba matsalar saiti ba ce, halin tawadar ne, shi ya sa wasu firintocin suke da wani ruwa mara kala da suke shafawa a sama, Canon suna kiran nasu Chroma Optimizer. Masu baƙi biyu kuma, na hoto da na takarda mara sheƙi, in na biyun ya hau mai sheƙi ba ya kamawa, da yatsa ma sai ka goge shi.

Duhun kuma daga allonka ne

Wannan kusan zan iya rantsewa a kai. Allo yana zuwa daga kamfani da haske mai yawa, 250 ko 300 a ma'aunin kandela, don ya burge mai saye. Masu aikin bugu kuwa tsakanin 80 zuwa 120 suke ajiye nasu. In allonka yana ƙyalli haka, hoton da yake da duhu a haƙiƙa zaka gan shi garau, firinta kuma gaskiyar lambobin take bugawa. Gwajin da nake sa masu koyo su yi: buɗe farin shafi a allo, riƙe farar takardar hotonka a gefensa cikin hasken da kake aiki, ka yi ta rage hasken allon har farin biyu su yi kusa da juna. Zaka ga allon ya yi maka dishi-dishi a ranar farko, bayan kwana biyu ido ya saba. Ka kashe saitin nan na dare da yake sa allo ya yi rawaya, da wanda yake canza haske da kansa. Ka kuma koyi kallon histogiram, wato ɗan jadawalin nan mai kamar tudu da ke nuna yawan duhu da haske a hoto, in duk tudun ya taru a hagu, hoton duhu ne ko me allo ya nuna maka.

In sana'a ce kake yi da gaske, na'urar auna allo tana da amfani, irin Spyder ta Datacolor ko ta Calibrite. Ana rataya ta a fuskar allo ta auna ta haɗa masa furofayil. Ka sa farin a 6500K (K ma'aunin launin haske ne), gama (yadda allo ke tafiya daga duhu zuwa haske) 2.2, haske wajen 100, daga nan ka daidaita da ɗakinka.

Sannan inda kake duba hoton. Ma'aunin masu ɗab'i haske ne na 5000K, kusa da hasken rana. Ka ɗauki hoto ɗaya ka duba shi a ƙarƙashin dogon ƙwan nan fari, ka fita da shi bakin taga, zaka ga ruwan tokan da ya yi kore a ciki ya koma daidai a waje. Yawancin takardu masu sheƙi ma an sa musu sinadarin ƙara fari wanda yake amsa hasken rana ya ba da ɗan shuɗi, a ƙarƙashin wani ƙwan kuma ya yi shiru, farin ya canza. Don haka kafin ka yanke wa koren nan hukunci, kai shi taga da rana. Kuma kada ka yanke hukunci yana fitowa daga firinta, tawadar rini tana ci gaba da zama, a minti na farko kala daban take da bayan awa ɗaya. Ka ba shi ko da rabin awa, in aikin mai muhimmanci ne ya kwana, kuma kada ka ɗora wani a kansa ko ka sa shi a firem kafin ya cika awa 24.

Yadda zan bi in ni ne

Zan ajiye hotunan kwastoma gefe in samo hoton gwaji, irin wanda yake da fuskoki masu launin fata daban-daban, da sararin sama, da tsani na ruwan toka daga fari zuwa baƙi. Ana samunsu kyauta a intanet, kuma amfaninsu shi ne an san lafiyarsu ƙalau, ba a taɓa su. Zan buga shi ƙarami don kada takarda ta ƙare, in yanka babba gida huɗu. Bugu na farko da hanyar nan mai sauƙi, firinta ce ke sarrafa kala, takardar kamfaninta ko da fakiti ɗaya ne na saya don gwajin kawai. In ya fito daidai, to firintar lafiyarta lau, matsalar tana allo ko fayil ko takardar da kake amfani da ita. In tsanin tokan ya fito da kala, to tawada ce ko kai. Daga nan abu ɗaya nake canzawa a kowane bugu, in rubuta a bayan takardar da biro abin da na canza, don wallahi bayan bugu na biyar ba zaka tuna wanne ne wanne ba.

In ka bi duk wannan kuma tawadarka ta waje ce ko takardar mara furofayil, abin da ya rage shi ne a haɗa maka naka. Ana buga wasu shafuka masu ɗaruruwan ƴan murabba'ai na kala ba tare da wani gyara ba, a bar su su bushe, a auna su da na'ura, a fitar da fayil ɗin da ya dace da kayanka kai kaɗai. Yana aiki sosai, amma ranar da ka canza tawada ko takarda ya tashi aiki.

Daga nesa nake ba ka amsa, ban riƙe hoton a hannuna ba, don haka abin da na jera maka zargi ne bisa alamun da ka faɗa. Kuma ko komai ya daidaita, akwai kalolin da tawada huɗu ba zata kai ba, shuɗin nan mai ƙuna da kore mai walƙiya da kake gani a allo, a takarda sai sun ɗan kwanta. Photoshop yana da Proof Colors da Gamut Warning da zasu nuna maka wuraren tun kafin ka buga, sai ka rage musu ƙarfi da hannunka yadda kake so. Ka buga gwajin ramukan yau, in ka ga giɓi ko ba ka gani ba ka dawo ka faɗa min, tare da sunan takardar da abin da ka zaɓa a direba, sai mu ɗora daga nan.